Wanda ya yi wa Habu ƙarfen ƙafa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iso mini, Doktor Issufu ya rasu a Yamai.

Ni da kaina nake rubuta wannan. Sai da na yi jikoki na shiga karatun manya, ku yi haƙuri da hannuna.

Yawancinku a jami'a kuka san shi, shi ya kafa sashen da ake koya wa ɗalibai ƙera kayan likita. Ni na san shi tun sashen yana rumfar zana a bayan likitar Magarya, wato asibiti, cikin shekarun saba'in, bayan babban fari.

Ɗana na uku, Habu, shan inna ya kama masa ƙafar hagu yana ƙarami. Ya koma jan gindi. Daga ƙauyenmu kusa da Dogo-Dogo na ɗauko shi, a jaki har Dungas, sannan mota.

A rumfar akwai Doktor, da maƙeri, da ɗaliban likita da ya roƙo daga Yamai su yi bakansi, hutun makaranta, wurinsa. Da ƙarfen tsohon keke suka yi wa Habu abin da zai riƙe ƙafar daga cinya zuwa diddige. Doktor ya ce in yana sawa zai yi tafiya, in aka bari ƙafar za ta lanƙwashe, shi ke nan.

Muna isa gida surukata ta kwance ƙarfen ta rataye a jikin rumbu.

"Mari za a sa masa a ƙafa? Jikana mahaukaci ne ko ɓarawo? Ba a gidan nan ba."

Mijina ya bar shi a rataye, uwarsa ce. Ni kuwa kullum da safe sai in miƙar da ƙafar in ga ko ta fara lanƙwasa.

Na koma Magarya ni kaɗai, na faɗa wa Doktor. Na zata zai haɗa ni da majo, babban malamin asibiti, ya je ya tsorata tsohuwa. Sai ya kira ɗaliban.

"Kun ji? Ƙarfenku yana jikin rumbu. Rumbun ne ya yi shan inna?"

Ɗaya ya ce, "Doktor, ai jahilci ne."

"To kai mai ilimi, yaron yana tafiya?"

Ranar kasuwa ya zo da su har gidanmu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da tsohuwa, ya ce, "Iya, ba mu iya ba. Me za ki yarda jikanki ya sa?"

Ta ce, abin da mutane za su gani ba su kau da kai ba.

Suka tafi da ƙarfen wurin baduku. Ya dawo a rufe da jar fata, da ɗinkin kore a baki kamar kuben wuƙa. Tsohuwa ta jujjuya shi, ta ce, "Badukun dai ya iya aiki." Ita ta ɗaura wa Habu da hannunta.

Hankalina bai kwanta ba duk da haka. Yaro yana tsawo, ƙarfe ba ya tsawo. Duk lokacin da aka ce za a canza wa Doktor wurin aiki sai in kasa cin abinci. Ya ce mini, "Uwar Habu, ai shi ya sa nake tara yaran nan. In na tafi, wani zai ƙara masa tsawon ƙarfen."

Ya tafi, wani ya ƙara masa.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, na je Yamai neman maganin ido. Ya tsufa, ba ya ji sosai. Ya ce har yau ɗalibi ba ya gama sashen sai ya je gidan mai ciwo ya zauna, ya ga ko ana amfani da abin da ya ƙera. Ya tambayi tsohuwa, na ce ta daɗe da rasuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙanta, ta ba mu wahala."

Habu tela ne a Yamai yanzu. Da na ji rasuwar na kira shi, na ce sallar gawa a tsaye ake yi, ga rana ga turereniya, ya tafi da kujera.

Ya ce, "Inna, furfura gare ni fa."

Ɗazu ya kira. Ya ce ya tsaya har aka sallame, kuma ya kama makara.

Allah ya jiƙan Doktor Issufu, ya yafe masa kurakuransa, ya tsayar da ƙafafunsa a kan siraɗi. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi masa Fatiha.