Wutsiyar Daƙiƙa da Tagwayen Sunke

Akwai wata Laraba ta tsakiyar damina da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina jami'in kula da rumbun bayanai a wani shiri na gwajin jinin yara saboda gubar dalma. Ofishinmu yana Anka, ma'aikatan lafiya kuma suna zagaya ƙauyuka da wayoyi suna shigar da sunaye.

Ga waɗanda ba 'yan aikinmu ba, duk abin da aka adana a rumbun, kwamfuta tana buga masa lokacin da ya shiga. Ba ta tsayawa a awa da minti da daƙiƙa. Bayan daƙiƙar akwai ɗigo, sai lambobi uku, wato ɓurɓushin daƙiƙar. Idan za a tura bayanan ga masu raba magani, ana mayar da lokacin nan rubutu, kuma mai tsara rubutun ne ke zaɓar ya bar ɓurɓushin ko ya sare shi.

Shugaban sashenmu, wanda ke zaune a Gusau cikin sanyin na'ura, ɓurɓushin nan yana ɓata masa ido. Wai rahoto ba ya kyau da wannan wutsiyar. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, sabis ɗin ƙauyukan nan yana sa waya ta aiko abu ɗaya sau biyu. Manhajar da ke share maimaici tana duba sunan uwa da ranar haihuwa da lokacin nan. In ka yanke wutsiyar, yara biyu za su iya zama ɗaya." Ya yi dariya ya ce, "Wace mata ce za ta kawo yara biyu masu ranar haihuwa ɗaya a daƙiƙa ɗaya?" Mutumin da aka haifa a ƙasar Hausa yake wannan tambayar! Daga can ofishinsa ya yanke, ko sanar da ni bai yi ba.

Ran Larabar, Malama Saratu, ma'aikaciyar lafiyar da ke kula da ƙauyen Sunke, ta hau tudu neman sabis ta kira ni. Motar magani ta zo da rakiyar jami'an tsaro, an ba wata yarinya mai suna Hassana nata, amma babu sakamakon tagwaniyarta Husaina. Maganin kuwa da sakamako ake auna shi, ba a bayarwa da ka. Ina jin muryar uwarsu, wadda kowa ke kira Uwar Biyu, tana faɗa a bayanta: "Ɗiyana biyu anka ɗibi jininsu gaban idona! Mi ya sa za ku ce guda na kawo? Wagga da ke bayana ba mutum ba ta?"

Na buɗe asalin rumbun, inda wutsiyar take nan daram. Saratu ta shigar da tagwayen tare, ta danna adanawa sau ɗaya. Ga Hassana, ga Husaina a ƙasanta, daƙiƙa ɗaya, bambancinsu a lambobin bayan ɗigo kawai. Da aka sare lambobin, manhaja ta ɗauki Husaina maimaici ta jefar. Abin takaicin, gubar da ke jininta ta fi ta 'yar'uwarta yawa.

Kafin in ciro sakamakon in samu layin Saratu, masu rakiya sun ce ba za su kai la'asar a hanyar ba, mota ta juyo. Washegari 'yan bindiga suka tare hanyar, aka yi makonni babu mai shiga. Na kira shugaban, sai ya ce in rubuto takarda a duba a taron wata. Na faɗa masa maganar da har yau ban yi nadamarta ba, na kuma mayar da wutsiyar da hannuna ba tare da jiran izininsa ba.

Da hanya ta buɗe, a kan babur aka kawo Husaina Anka tana jijjiga. Ta rayu, alhamdu lillahi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in za ku mayar da lokaci rubutu, ku gyara wanda ido zai gani yadda kuke so, amma wanda manhaja za ta yi hukunci da shi ku bar masa duk lambobinsa. Kada kuma ku bar lokaci ya zama shi ke bambanta mutum da mutum, kowane yaro a ba shi lambarsa. Kuma ku ji tsoron mai yanke shawara kan ƙauyen da bai taɓa takawa ba.

Bara na je Sunke na gaida Uwar Biyu. Da can, in ji ta, ita kanta sai ta ɗaura wa ɗaya zare a hannu take gane su. Muna zaune Hassana ta shigo a guje tana surutu, Husaina na biye da ita a hankali tana dafa bango, magana ba ta fita sosai. Uwar ta dube ni ta ce, "Yanzu dai ko kwamfutarku ta iya rarrabe su."