Mai Ƙwari da Buhun Geron Zermu

Wai don Allah, me zai sa dattijo mai furfura ya tuɓe takalmi, ya je ya shafa ƙarfen ƙofa, kafin ya ɗauki ƙwaro? Shekara da shekaru ina kallon maigidana yana yin haka, ya rasu ya bar ni, har yau ban gane ba. Cewa yake jikin mutum yana tara wuta, musamman da rani, kuma wutar tana kashe ƙwarin. Ni dai na sha taɓa jikina, ban taɓa jin zafi ba sai na zazzaɓi.

Ku mutanen Zango kun san shi, Mai Ƙwari, mai gyaran rediyo. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba. Ƙwarin kuwa ba masu rai ba ne. Wasu baƙaƙen abubuwa ne da ba su kai ɗan yatsa ba, masu ƙafa sha huɗu ko sha shida, da ake samu cikin agogo mai lamba da injin lissafi. Ranar da suka shigo garin nan, rediyo ta zama bora.

Wani jandarma ya taɓa kawo injin lissafin ofishinsu. Malam, wato maigidan nawa, ya buɗe, jandarma ya miƙa hannu zai taɓa.

"Tsaya! Tuɓe takalmin nan tukuna."

"Tsoho, ka san ko ni wane ne?"

"Ni na sani, ranka ya daɗe. Shi ne bai sani ba."

Wallahi sai da ya tuɓe. Ga safa ta yage, babban yatsa yana leƙen jama'a!

Akwai Mushe Sani, malamin lakwal da ya yi ritaya, Mushe muke ce wa malaman boko, ya ce shi ma zai koyi aikin. Ina bayan zana ina tankaɗe, duk karatun a kunnena aka yi, har na fi Mushe riƙewa.

"Mushe, ƙwari gida biyu ne. Akwai 'yan gidan Saba'in da Huɗu. Akwai sauri, amma akwai ci! Kuma 'yan gata ne, wuta biyar suke so cif. Ka ƙara su ƙone, ka rage su yi yaji. Sai 'yan gidan Dubu Huɗu. Ba su da hanzari, amma ka ba su uku su gode, ka ba su sha biyu su gode, pil ɗaya irin na tocila ya kai su wata da watanni. A garin da kuran, wato lantarki, yake zuwa kamar baƙo, da su za ka fara."

"In na haɗa gidajen biyu fa?"

"Aure babu waliyyi? Ka bari sai ka girma."

Mutum mai jikoki ake ce wa sai ya girma! Ya kuma ce masa duk ƙafar da ƙwaro yake sauraro da ita, in ba ta da aiki a ɗaure ta, in ba haka ba za ta ɗauko gulmar maƙwabta ta kawo cikin gida. Nan ne na leƙo na ce, "Malam, da mu kake?" Ya ce, "Ta Tirmini, wanda ya tsargu dai." Haka yake kirana, don daga can aka auro ni.

Sai kuma kondansater. Malam ya ce rumbu ne na wuta, kuma kowane ƙwaro sai an kafa masa ƙaramin rumbu a bakin ƙofarsa, don in yunwa ta taso farat ɗaya, rumbun nesa ba ya ceto. Manyan masu kamar gwangwani suna da kai da gindi, ba a juya su. Mushe ya juya ɗaya. Tau, ya fashe! Kazata ta haura katanga, kwana biyu ba mu gan ta ba. Ƙananan kuwa, jama'a, kalwa ce sak, launi da faɗi. Kuma a kwanona Malam ya ga damar zuba su. Na kwashe na haɗa da kalwata na ɗora a wuta. Ya zo yana salati, ya tsince su ɗaya ɗaya daga tukunya, ya shanya a faifai, ya auna kowane da injinsa.

"Ta Tirmini, albishirinki. Ba su nuna ba."

Ko ɗaya bai zubar ba. Rediyon liman ma da dafaffe aka gyara ta.

To, sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi ƙarya, 'yan uwana suka taso daga Tirmini da yaransu, muka zama mu sha ɗaya a gidan nan. Mai jin yunwa ba ya gyaran rediyo. Gero ya koma tiya, tiya ta koma tafin hannu, kunu ya zama ruwa mai launi.

Ana nan sai dattawan wani ƙauye na wajen Zermu suka zo da wani akwati. Na famfon rijiyarsu ne mai aiki da rana, shi ke tsayar da inji in ruwa ya ja baya. Ƙwaro ɗaya ya mutu a ciki, lambunsu na bushewa. Suka ce in ya tashi, mai gari zai buɗe rumbunsa ya ba da buhun gero guda. Buhu guda, a shekarar nan!

Malam ya aika direban kamyo, babbar motar kaya, Kano sayen ƙwarin. Direba ya dawo da 'yan Saba'in da Huɗu. Malam ya juya su a tafin hannu ya ajiye.

"Ba gidan ba ne."

"Ba za su yi ba sam?"

"In na yi dabara za su yi kwana bakwai. Sannan su shanye batir, inji ya ƙone."

Allah ya yafe mini, na ce, "Kwana bakwai ai buhu ya iso gida."

Ya dube ni ya ce, "Su kuma a na takwas su ci me?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ƙwari sun cinye masa hankali. Ya sake aiken direba, wannan karon da lambar 'yan Dubu Huɗu a rubuce a jikin hularsa. Sati uku muka jira. Duk sati ukun nan, in na miƙa masa ƙwaryarsa sai ya ce, "Ba yaran, na ci a kasuwa." Ni kuma don haushi ban ko tambaye shi wa ke ciyar da mutum a kasuwar da babu hatsi ba. Sai bayan rasuwarsa Mushe Sani ya gaya mini goro da ruwa ne abincinsa. Wannan abu shi ke hana ni sakewa har yau. Ina jin haushinsa, shi kuwa yana ƙarewa a gabana.

Ƙwarin kirki suka iso. Ya liƙa su, ya kafa wa kowane rumbunsa, aka tafi da akwati. Famfo ya tashi, kuma an ce mini ya kai damina bai tsaya ba. Amma ranar da amalanken jaki ya tsaya ƙofar gida da buhu, Malam yana kwance, tari ya kama ƙirjin da babu komai a ƙarƙashinsa.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya ƙosar da shi a inda babu fari. Allah ya yafe mini bakina.

Na surfa, na daka, na dama masa kunu da hannuna. Amma hannu ya saba da tsoro, sai na tsinka shi kamar kullum. Na tallafo kansa ya kurɓa sau biyu, ya yamutsa fuska, ya ɗan yi murmushin nan nasa na tsokana.

"Ta Tirmini, wannan wanka kika kawo mini ko kunu? Gero ya zo. Saki hannu, yaran nan su ƙoshi."