Ranar da Mawaƙinmu Ya Rera Ba Mu

Ko me zan manta na ƙuruciyata a Jidda, ban da yammacin da na je jin waƙar mutumin da ya bar ƙungiyarmu.

Mu huɗu ne, duk haihuwar unguwar Mahjar. Kiɗan rok muke yi irin mai dogon zango, wanda waƙa guda kan ci minti ashirin, salo ya yi ta canjawa kafin mawaƙi ya samu damar buɗe baki. Ni ne mai ganga. A ganina lokacin, duniya ce ba ta gama wayewa ba, shi ya sa mai sauraronmu ɗaya ne tak, wato mai garejin da muke atisaye, shi ma don ba shi da wurin gudu.

Rannan mawaƙinmu ya ajiye makirfo ya ce, "Halas, shi ke nan, ya jama'a. Zan gwada ni kaɗai."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. In ka gaji da jin muryarka, ka san gareji." Shekara guda ban ƙara gaishe shi ba, alhali tare muka taso.

Sai ga gayyata, wai zai rera waƙoƙinsa a wani ɗakin taro a unguwar Kurayyat bayan la'asar. Na je, ba don zumunci ba, don in samu abin dariya. Ya fito da jita ɗaya. Waƙar farko minti uku. Minti uku! Ni a minti uku ko gaisawa da gangunana ban gama ba.

Da Hausarsa mai gargada ya rera, Larabci na leƙowa. Labarin mahaifiyarsa ne, wadda ta zo umra ta zauna, ta tsufa tana suyar ƙosai a unguwar Sa'alaba ba iƙama, wato takardar izinin zama, har ta rasu ba ta sake ganin garinsu ba. Wani dattijo kusa da ni ya share ido da bakin hularsa, ya ce, "Ɗana, da can a ina yake waƙa?"

Na gyara zama. "A ƙungiyarmu, Baba."

"Au, ku ne masu hayaniyar garejin nan? Ashe akwai mai waƙa a ciki?"

Da aka tashi, mawaƙin ya nufo ni. "Ya akhi, ya ka ji?"

Na ce, "Ba laifi. Waƙar farkon nan sabuwa ce? Da ganga da ta fi."

Ya ce, "Shekara biyu kana kaɗa wa waƙar nan ganga. Ko kalma ban canja ba."

Ni da na ɗauki makarar uwarsa, ban taɓa sanin ita yake kira a gabana kullum ba. Na dai riƙe hannunsa, na ce ya yafe mini.

Tun ranar, in wani ya ce zai rabu da ni, kafin in zarge shi da girman kai nakan tambayi kaina ko na taɓa yin shiru na ji abin da yake faɗi.