Watan da Aka Daina Taya Mazarƙwaila

Sana'ata mazarƙwaila ce. Ina saro ta wajen masu dafa rake a Gazara da Nasarawan Doya, in kawo Ikara, in ɗaure a kwali, in ba direbobi su kai Abuja da Legas da Fatakwal. Da buhu ɗaya na fara, a bayan keke. Ba wanda ya ba ni jari, ba wanda ya koya mini. Da kasuwa ta buɗe sai na biya wani mai kwamfuta a Zariya ya yi mini shago a intanet: hoton kaya, da lambar wayata a ƙasa. Ban sa farashi ba. Mai so ya kira mu yi ciniki, ya tura kuɗi ta banki, in ga alat, in ɗaure masa kaya.

A shekarun nan matata ta riga ta rasu, 'ya'yana mata biyu kuma suna ɗakunansu, ɗaya a Kano, ɗaya a Kaduna. Gida ya yi mini girma. Daga masallaci sai ɗakin kaya. In ka ji murya a gidan, to daga waya ta fito.

Cikin masu kira akwai wani dattijo, mutumin Kudan. Manomin rake ne a da. Da ƙafa ta gaza, ɗansa ya ɗauke shi ya kai Legas, ya ajiye shi a saman bene. Ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai na sani. Ba ya shan koko sai da mazarƙwaila. Farin sukari, in ji shi, zaƙi ne babu asali. Duk farkon wata zai kira.

"Mutumin Ikara, mai wuƙa a aljihu! Nawa ka sa wa kwali yau?"

In faɗa masa. Ya sa salati kamar an yi rasuwa.

"Da ruwan zinari kuke dafa ta yanzu?"

"Taya dai, Baba."

Sai ya taya abin da ko kuɗin mota bai kai ba.

"Albarka."

"Albarkar ta ci gidanku. Tsaya tukuna, ruwa ya janye daga fadamarmu?"

Shi ke nan ciniki ya kwanta. Zai tambayi wane irin rake aka fi shukawa bana, taki ya sauko ko ya hau, har yanzu masu dafawa suna rage wuta in ruwan ya fara kauri ko yaran zamani sun fi son gaggawa. In ba shi amsa, in ce masa tsohon manomi ya koma shan iskar fanka. Ya ce ni ko kara ɗaya ban taɓa dasawa ba, a bakin tukunyar wasu na yi arziki. Ya ƙara kaɗan a tayinsa, in ƙi, ya sake ɗauko wani labari. Ƙarshe mu sauka a kan kuɗin da kowa yake biya, wanda ni da shi mun sani tun kafin ya kira.

"Na sallama."

"Ka sallama dole. Gyara fa? Ko a Ikara ba ku san ta ba?"

Na yi ciniki da mutane da yawa, amma wannan kiran ne nake share wa wuri. In ya shigo ina tasha, sai in nemi inuwa in zauna.

Wata rana ɗan dattijon ne ya kira, wanda dama shi ke tura kuɗin. Mutum ne mai ladabi, mai gajeriyar magana.

"Alhaji, aiki ya mai da ni ƙasar waje. Tura kuɗi daga can wahala ce. Don Allah ka sa biyan kati a shagonka. In da hali ma, a riƙa cira duk wata da kansa, kada in sha'afa Baba ya rasa."

Na ce zan duba. Gaskiya ba shi ne na farkon faɗa ba. Masu kantuna a Abuja sun sha yi mini ƙorafi cewa sun kira ina ƙauye waya ba ta shiga, sun sayi ta wani. Sau ɗaya kuma an taɓa turo mini alat na bogi, kwali ya tafi. Biyan kati ya zama dole. Abin da ya rage shi ne wane kamfani zan ba amana.

Na duba da dama, na tace, suka rage biyu. Ni ba na sayen rake sai na ɓalla na tsotsa, don haka na yi rajista da kowanne, na sayi kayana da katina, a Ikara, sannan na hau babur na je Nasarawan Doya inda sabis ke wasan ɓuya na sake gwadawa.

Na farko ya bar mini ciniki a hannu. Sai mun gama magana da mai saye, in rubuta kuɗin da muka tsaya, in tura masa linki ya biya. Ba ya cirar kuɗi duk wata da kansa. Ga shi kasonsa ya fi yawa, yana riƙe kuɗi kwanaki kafin ya sako, katin waje wani lokaci ya karɓa wani lokaci ya ƙi, a ƙauye kuma shafinsa ya yi ta juyawa har na gaji na mai da waya aljihu.

Na biyu ya ce in kafe farashi a jikin kaya, kowa ya gani ya biya. Kasonsa kaɗan, kuɗi su kwana su shigo, katin waje bai dame shi ba, a gindin mangwaron Nasarawan Doya ma ya buɗe. Kuma yana cira duk wata, daidai yadda ɗan dattijon ya roƙa.

Ko yaro ya san wanda ya fi. Mai dafa rake ba ya jiran banki. In ba ka zo da kuɗi a hannu ba, wani ɗan Maƙarfi zai kwashe tun tana da ɗumi. Kamfanin da zai kwantar mini da kuɗi kwanaki, kasuwata yake kwantarwa. Duk da haka na yi mako biyu ban zaɓa ba, kuma na san dalili. In na ɗauki na farko, zan iya gaya wa ɗan, ba tare da ƙarya ba, cewa nawa ba ya cira da kansa: sai Baba ya kira, mun yi ciniki, na turo linki. In na ɗauki na biyu, dattijon ba shi da sauran dalilin kira.

Ina da aboki a Gazara, malami ɗan malamai, zaurensu ba ya rabuwa da masu ɗaukar karatu. Ranar da na je saro kaya na biya, na jira aka tashi, muka gaisa.

"Allah gafarta Malam, cinikin da babu na saya, babu na sayar, babu tayi babu sallama, na'ura ce kawai ta cire kuɗi, ya ƙullu kuwa?"

"In ka ajiye wa mai ƙosai kuɗi ka ɗebi naka, ka taɓa ce mata na saya?"

"Ban taɓa ba."

"To. Kaya sananne, farashi sananne, kowa ya yarda. Ya ƙullu."

"Ko da mai shan kayan ba shi ke biya ba, ba a kuma tambaye shi ba?"

"Ɗa ya ciyar da ubansa, kai kuma kana neman aibu?" Ya cire tabarau ya dube ni. "Alhaji, fatawa ka zo nema, ko wanda zai hana ka?"

"Fatawa, Malam."

Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini kunun zaƙi.

Na biyun na ɗauka. Ba zan ce na yi kuskure ba. Kasuwa ta ƙaru, kantunan Abuja suka dawo, alat na bogi ya ƙare. Ina ƙauye ana saye, ina salla ana saye. Sai dai waya ta daina ringi, ta koma ɗan ƙara guda, kamar an ƙwanƙwasa kofi da cokali. In duba: suna, adireshi, an biya.

Farkon wata kuɗin dattijon suka faɗo da kansu. Na zaɓo masa masu duhu, irin waɗanda yake so, na ƙara gyara ba a roƙa ba, na kai tasha. Na ce in kaya sun isa zai kira, ko don ya ce na cuce shi. Bai kira ba. Wata na biyu ma haka. A na uku, bayan la'asar, na zauna a kan buhu na kira shi da kaina.

"Salamu alaikum, Baba. Mai mazarƙwaila ne, daga Ikara."

"A'a, Alhaji! Amin alaikumus salam."

Bai taɓa ce mini Alhaji ba. Muka shiga gaisuwa: wuni, gajiya, iyali, ƙafa, zafin Legas. Ya amsa kowacce yadda ake amsawa.

"Kaya suna isowa?"

"Suna isowa a kan lokaci. Allah ya yi albarka."

"An fara yankan rake a wajenku."

"To, madalla. Allah ya sa a yi kasuwa."

Na buɗe baki zan ce masa tsohon manomi mai shan fanka, maganar ta ƙi fita. A bakin ciniki mai saye da mai sayarwa sa'o'in juna ne, ka zage shi ya zage ka, kasuwa ta ɗauke. Babu ciniki, shi dattijo ne sa'an mahaifina, ni kuma baƙo ne da ya kira gaisuwa. Na ji shi ma yana lalube.

"Nawa ka sa wa kwali wannan watan?"

"An riga an biya, Baba."

"Au, haka ne. Yaron ya gaya mini. Ya ce yanzu komai na tafiya da kansa, in daina ɗauke maka lokaci, kai mai harkoki ne."

"Ba ka ɗauke mini komai."

"To."

Ina jin ƙarar janareta ta can wajensu, shi kuma wataƙila yana jin awakin maƙwabta ta nan.

"Kada kuɗin wayarka su ƙare a kaina," in ji shi. "Na gode da zumunci."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba."

Na ajiye wayar a kan buhu. Ban kai ga tashi ba ta yi ɗan ƙaran nan: wata mata a Fatakwal ta sayi kwali biyu. Na tashi na ɗauko igiya.