Jikata Mai Sunan Kogi

Da ɗana ya bugo waya daga Paris ya ce matarsa ta sauka, an samu mace, ban bari ya gama gaisuwa ba na tambayi suna. Ya ce sunan kakar matarsa za a sa. Na ce madalla. Matar tasa asalinsu mutanen Armeniya ne, ko da yake a nan Lyon aka haife ta. Kakarta kuwa tsohuwa ce mai kaifin harshe, tana zaune a wancan gefen gari, ni ina unguwar Minguettes.

Ni 'yar Damagaram ce. A wurinmu idan aka yi wa babba takwara, ba a kama sunan, sakayawa ake yi. Tsohuwar nan sa'ar uwata ce, ga surukuta a tsakani. Ina ni ina buɗe baki in ambaci sunanta, ko da a kan jaririya ne? Sai na riƙa kiran yarinya Ummi, ina ganin na gama girmama tsohuwa.

Duk hutu sukan zo Lyon, mu taru a gidanta, ta cika mu da gahawa mai ɗaci da ganyen inabi naɗe da shinkafa. Na lura duk sanda na ce Ummi sai ta ɗaure fuska. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Yarinya ta fara surutu ke nan ciwo ya kwantar da tsohuwa. Wata rana da suka zo hutu na ɗauki jikata muka je asibiti dubiya. Ko zama ban yi ba ta tambaye ni, ba kwana-kwana, wai ƙyamar sunanta nake yi don ba na Musulmi ba ne? Maganar ta soke ni ƙwarai. Da guntun Faransancina na yi mata bayanin kunya irin tamu. Ta saurara har na gama, sannan ta faɗa mini abin da ban taɓa tambaya ba.

Sunan na kogi ne, Araks, wanda ke bin iyakar ƙasarsu. Uwarta tana yarinya ta tsira daga kisan da aka yi wa mutanensu, ta iso Faransa daga ita sai kayan jikinta. Da ta haifi 'ya mace sai ta sa mata sunan kogin, don ta samu dalilin ambatonsa kullum. Ita tsohuwar ba ta taɓa ganin ruwan da idonta ba.

"Uwata don a riƙa faɗinsa ta ba ni shi," in ji ta. "Ke kuma kin ninke shi kin sa a akwati. In na tafi, wa zai faɗa?"

Tunda nake ban taɓa kama sunan wadda ta yi sa'ar uwata a gabanta ba. Jikata na can bakin ƙofa tana jan labule. Na sunkuyar da kai, na kira ta.

"Araksi."

Su biyu suka waiwayo. Tsohuwa ce ta fara amsawa, har da gyara mini yadda ake faɗi, don ba ta iya barin abu ya wuce ba.

Ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Har yau idan zan kira sunan sai na ji kunya ta kama ni, amma da ƙarfi nake kiransa, a gida da cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari. Mutum ɗaya ke waiwayowa yanzu.