Kaskon Hajiya Kouloussoum da likitan waya

"Wai kin ji Hajiya ta ga likita a waya?"

"A waya? Ita da ta ce likitan da bai taɓa ka ba ɗan duba ne?"

"Wallahi. Kuma shi ya kama ta."

"Ya kama ta da me?"

"Biya kuɗin daddawarki tukuna, mu fita waje."

A kantin kayan miya na Gate City aka yi wannan hira, kuma Hajiya Kouloussoum mai turare ake nufi. Mutuniyar Damagaram ce, shekararta goma sha tara a garin Greensboro na Amurka. Ta yi tara a ciki tana liƙe kwalaye a wani sito da ke Wendover, har ranar da ta kai wa wata amarya kwalbar turaren wuta irin na kakarta, mata suka bi ƙamshin har ƙofarta. Tun daga nan babu auren da ake ɗaurawa a garin ba da kwalbarta ba. A kicin ɗinta na bene na biyu take soya itacen sandal da sukari da miski, kuma ba ta taɓa rufe kwalba ba sai ta zuba kaɗan a kan garwashi, ta lulluɓe kanta da gyale, ta shaƙa. Ƙararrawar hayaƙin da ke silin kuwa, wadda ta dame ta da ihu a makon farko, ta daɗe da sanya mata hular wanka mai furanni.

Tari ya kama ta tun bayan babbar sallah. Sau uku 'yarta Chamsiya tana kai ta ƙaramin asibitin gaggawa na bakin titi, wanda kowa ke kira urgent care. Da yake an manna takarda a ƙofa cewa kada a shigo da turare, Hajiya mai bin doka ce: ta yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ta sa atamfar da aka shanya a waje. Kowane zuwa sai a tambaye ta ko tana shan taba.

"Ni? Chamsiya, gaya masa na je Makka sau biyu."

"Mama, tambaya ce kawai."

"To akwai mai sha a gidan?" in ji likitan.

"Babu!"

Sai a ba ta maganin tari ta dawo. Tarin kuma ya ƙi tafiya, har ya zama ba ta iya kai sallama ƙarshe sai ta tsaya ta ja numfashi. Ga bikin wata amarya, Afnan, ranar Asabar, kwalba goma sha biyu ta yi alkawari, huɗu kawai ta gama.

Ranar Talata Chamsiya ta ce ba za ta sake zaman awa biyu a kan kujerar roba ba. Za a ga likita ta bidiyo, ƙarfe ɗaya, lokacin hutunta na aiki.

"Ta ina zai sa mini abin nan a ƙirji? Ta ina zai ɗaure mini hannu?"

"Gani kawai zai yi, Mama."

"Bon," in ji Hajiya, wato "to" da Faransanci. "Kenan shi ne zai zo gidana."

A nan maganar ta sauya. Idan kai ka je wurin likita, dokarsa za ka bi. Idan shi ya zo, baƙo ne. Hajiya ta share falo, ta canza rigar kujeru, ta sa leshi, ta ɗaura kallabi. Saura minti goma randebu, kamar yadda take kiran lokacin ganin likita, ta hura kasko biyu, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a ƙarƙashin tebur, ta zuba musu na amare.

Likitar mace ce, farar tsohuwa mai tabarau. Abu na farko da ta roƙa shi ne a goge gilashin wayar, ba ta gani sosai. Chamsiya ta goge da bakin mayafi. Likitar ta ce a sake gogewa. Daga nan ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Mama, wai tana tambaya ko gidan ne yake cin wuta."

Hajiya ta yi dariya har tari ya ƙwace dariyar. "Kaico, ba ta jin ƙamshin! Kawo wayar."

Ta karɓa da kanta ta zagaya da baƙuwa. Ga kasko, ga tukunyar suya, ga kwalabe a jere. Ta ma nuna yadda ake lulluɓa da gyale a shaƙa, sau nawa a rana, kamar ashirin idan aiki ya yi yawa. Da ta ɗaga wayar don a ga sahun sama na kantar kwalabe, sai hular wanka ta shigo hoto.

Likita ta cire tabarau.

Chamsiya ta yi ta fassarawa tana kallon ƙasa. A cire hular nan yanzu, tana kallo. A kashe kaskon, a buɗe taga. Babu shaƙar hayaƙi har sai an ga yadda ƙirjin zai yi. Kuma yau ɗin nan a koma urgent care, domin ita ba za ta iya sauraron huhu ta waya ba, a gaya musu duk abin da aka nuna mata.

"Kin ji ko? Na ce sai an taɓa!" in ji Hajiya, tana riƙe wa Chamsiya kujera don ta kai silin.

Sun je. Wannan karon da leshin da ya sha turare ta shiga, ma'aikaciyar ta yi atishawa uku kafin ta ɗauko abin awo. Aka saurari ƙirji, aka ba ta maganin shaƙa, aka maimaita mata dokar likitar waya kalma da kalma.

A mota Hajiya ta shiga lissafi. Suyar ba matsala ba ce, Chamsiya ta iya juya cokali. Amma kwalba takwas ba za su je ɗakin amarya ba tare da wani hanci ya shaida su ba, kuma hancin Chamsiya, a cewarta, an haife shi a Amurka, bai san ƙonanne da nunanne ba. Hanci ɗaya ta yarda da shi a garin: na Celina, 'yar Jos, tsohuwar abokiyar aikinta a sito, wadda ta taɓa gane an rage miski daga ƙofar falo. Celina tana McLeansville, can wajen gari, da fili a bayan gida, ba silin balle ƙararrawa.

Ta sa Chamsiya ta kira ta.

"Hajiya! Ya jikin?"

"Da sauƙi, Maman Nathan. Likita ta kore ni daga kaskona. Don Allah ki ara mini bayan gidanki da hancinki zuwa Juma'a. Ni zan zauna a mota, gilashi a rufe, ke ki shaƙa ki ɗaga mini hannu."