Yunwa a Gaban Suruki

A gidan da na tashi, mace ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, gani kawai na yi. Har mahaifiyata ta koma ga Allah, maigidana bai taɓa ganin ta kai ko kofin ruwa bakinta ba. In ya shigo gaisuwa ya tarar ta sa hannu a kwano, sai ta ja faifai ta rufe, su gaisa kowa yana kallon tabarma.

Zaman London ya cinye mini abubuwa da yawa. Na saba da hawa jirgin ƙasa ni kaɗai daga Abbey Wood, na saba da ganin likita namiji, na saba in yi wa 'ya'yana Hausa su mayar mini da Turanci. Amma wannan kunyar ta ƙi fita. Haka kuma ba na kiran sunan 'yata ta fari, sai dai in ce "Yayarsu", kamar yadda ake yi wa ɗan fari a wajenmu. A nan aka haife ta, kuma tana ƙarama ta taɓa tambayar babanta ko na manta sunan ne.

Ita ce ta auri wani injiniya ɗan gida, mai ladabi har ya yi yawa, aiki ya kai su Riyad. Da na je Umara a lokacin sanyi sai suka matsa in tsaya wajensu kafin in dawo. Flat ɗinsu ƙarami ne, amma mun samu yadda muka yi. Yakan fita aiki da wuri, da daddare kuma a kai mini nawa ɗaki. Shi ma bai taɓa ci a gabana ba. Yayarsu tana yi mana dariya, tana cewa kamar tana kiwon maguna biyu da ba sa ga maciji.

Sai ya shirya mana fita. Ranar Asabar ce, ba aiki. Ya aro babbar mota a wajen wani abokin aikinsa, ya ce zai kai mu wani wuri a bayan gari inda dutse ya yanke kamar an sa wuƙa, mutum ya tsaya a baki ya hango hamada har inda ido ya gaji. Masu yawon buɗe ido suna ce masa ƙarshen duniya. Ni da son raina ne da na zauna a gida da carbina. Amma na ji yadda ya yi kwanaki yana waya yana tambayar hanya, kuma ba a ce wa suruki a'a a kan alheri.

Ina da ciwon suga. Akwai wata ƙwaya da nake sha da safe, wadda nas ɗin asibitin unguwarmu ta ja mini kunne a kanta: in na sha, lalle in ci abinci, kuma kada in fita ba wani abu mai zaƙi a jaka. Yayarsu ta san da haka. Mijinta bai sani ba, domin ni na hana ta gaya masa.

Da safen na yi sallah, na haɗiye ƙwayar, na fito in haɗa shayi da burodi kamar kullum. Sai na tarar da shi a kicin, durƙushe a gaban kula yana jera abinci. Ya gaishe ni daga nan ƙasa. Ya ce ga ruwan zafi a filas, ko a zuba mini? Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Alhamdulillahi, na karya tun ɗazu."

Ya ce to, madalla. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina jiran ya fita daga kicin ɗin. Bai fita ba har Yayarsu ta leƙo ta ce mu tafi kada rana ta yi. Na ce a raina ba komai, akwai dabinon Madina a jakata, na tsarabar maƙwabta, zan jefa biyu a baki a hanya.

Ban yi lissafin madubi ba. Shi ke tuƙi, matarsa a gefensa, ni a baya, kuma duk sanda na ɗaga kai sai in ga goshinsa a ɗan madubin nan na tsakiya. Muka bar dogayen benaye, muka wuce gonakin dabino, kwalta ta ƙare muka hau tsakuwa. Mota na ta jijjiga mu. Ga raƙuma suna kiwo ba makiyayi, ga itatuwan ƙaya masu kama da bagaruwa tsaye ɗai-ɗai a cikin busasshen rafi. Jakata tana kan cinyata, hannuna a cikinta, yatsuna suna taɓa ledar dabinon.

Yayarsu ta buɗe kula ta fito da burodi da ƙwai. Ta miƙa wa mijinta, ya ce yana tuƙi. Ta miƙo mini, na ce sai an jima. Ta dube shi, ta juyo ta dube ni, ta ce da Turanci mu biyun nan sai addu'a, ta ci nata hankali kwance.

Can sai na ga ya ɗaga hannu ya karkatar da madubin sama, har madubin ya koma kallon rufin mota. Na gane don ni ya yi, kuma wannan ne ya ƙara ɗaure ni. In na ci yanzu, ya san ina ci. Ledar ma ƙara gare ta. Na zare hannuna daga jakar na ɗauko carbi.

Da muka isa akwai wasu motoci a ajiye, Turawa da Larabawa da 'yan Indiya suna ta ɗaura takalma. Iska mai sanyi tana kaɗawa. Ya shimfiɗa darduma a gefen mota, ya ajiye kula a kai, ya ce bari ya je ya dubo hanyar da za mu bi, zai ɗan jima. Ya nanata cewa zai ɗan jima. Allah ya saka masa, na san abin da yake nufi. Ina ganin ya ba da baya na warware ledar, na ɗauko dabino ɗaya, har na cire ƙwallon.

Sai Yayarsu ta ɗaga murya ta kira shi, wai ya dawo ya ɗauke mu hoto tun hasken yana da kyau. Ya tsaya cak, ya yi kamar bai ji ba. Ta sake kira. Ya dawo yana jan ƙafa. A hoton nan, wanda har yau yana wayarta, hannuna na dama a dunƙule yake cikin hijabi. Dabinon ne a ciki.

Daga nan muka kama tafiya a ƙafa. Hanyar ba ta da tsawo sosai, amma hawa ce, duwatsu suna zamewa a ƙarƙashin takalmi. Yana gaba, yana tsayawa yana nuna wa matarsa wasu 'yan ƙananan katantanwa da suka daskare a jikin dutse, yana cewa da can teku ne a wurin. Na ce ikon Allah. A lokacin na fara jin zufa tana bin bayana duk da sanyin iskar. Hannuna ya kama rawa, dabinon ya suɓuce ya faɗi cikin ƙasa, na taka shi na wuce don kada a gani.

Wanda bai san wannan ciwon ba bai san yana zuwa da faɗa ba. Yayarsu ta riƙo hannuna ta tambaye ni ko lafiya, na fizge na ce ta ƙyale ni, ni ba yarinya ba ce. Ban taɓa yi mata irin wannan tsawar ba. Ta sake ni, ta yi gaba ranta a ɓace.

Na ga bakin dutsen, wannan kam na gani. Ƙasa ta ƙare, sai sarari, can ƙasa hamada shimfiɗe fari-fari. Sai sararin ya fara juyawa. Na nemi in ce "Yayarsu", harshena ya yi nauyi, abin da ya fito shi ne sunanta na yanka. Da ƙarfi na kira shi, har sau biyu, a gaban mijinta, a gaban mutanen duniya.

Ban suma gaba ɗaya ba, ina jin muryoyi sama-sama. Da idona ya washe sai na gan ni zaune a ƙasa, bayana jingine da ƙirjinta, tana kuka tana cewa da Turanci suga ne, suga ne. Surukina yana durƙushe a gabana yana haki, domin da gudu ya je mota ya dawo. Ya riƙe kwalin lemo a bakina, amma ya kau da fuskarsa gefe, yana kallon hamada. Da yake ba ya ganin abin da yake yi, rabin lemon a hijabina yake zuba.

"Ka kalle ta mana," in ji matarsa. "Kana yi mata wanka."

"Hajiya, ki yi haƙuri, ki ƙara sha," ya ce wa hamada.

Na sha. Aka buɗe jakata aka fito da dabinon, aka kawo burodin da na ƙi ɗazu. Na ci da hannu biyu, ina tauna da sauri kamar wadda aka kora, ɓarɓashi yana zuba a cinyata. Jiki ba ya jin kunya in ya kai nan. Mutane sun kewaye mu, wata Baturiya tana miƙo cakulan, wani dattijon Balarabe yana yi mini addu'a. An yi gudun gara an tadda zago. Loma ɗaya na ƙi yi a bayan mota, ga shi na cika ciki a gaban taro, surukina yana riƙe mini leda.

Ba mu ƙara ko taku ɗaya ba. Da ƙarfina ya dawo suka sauko da ni a hankali, muka juya. Abincin da ya tashi da asuba ya shirya, da shayin da ya so ya dafa mana a kan gawayi, duk suka koma yadda suka zo.

A mota Yayarsu ta sauke mini abin da ke ranta, kuma wannan karon da Hausa, tana tuntuɓe a kan kalmomin.

"Mummy, kin yarda ki mutu a kan dutse don kada ya ga kina tauna?"

Mijinta ne ya yi magana, idonsa a kan hanya. Ya ce laifinsa ne. Tun a kicin ya san ban karya ba, domin kofuna duk a bushe suke, burodin ma ba a buɗe shi ba. Ya so ya ce wani abu, amma ta yaya zai nuna ya gane surukarsa ba ta faɗi daidai ba? Ya so ya fita ya ba ni wuri, sai ya ga in ya fita a lokacin kamar ya ƙaryata ni ne. Da bai faɗi wannan ba da ya fi mini sauƙi. Na ja hijabina mai danƙon lemo na rufe fuska.

Sai cikinsa ya yi ƙugi, har baya na ji. Ashe shi ma tun jiya da daddare rabonsa da abinci. Yayarsu ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta ɓare dabino ta tura masa a baki yana tuƙi. Ya tauna a hankali kamar mai cin abin sata. Ni kuwa na ga raƙuma ta taga na ƙura musu ido.

Da na dawo London matan da muke haɗuwa a masallacin Whitechapel suka yi ta tambayata yaya Riyad, an kai ni yawo? Nakan ce an kai ni, wuri mai kyau, sai in kawo zancen Madina. Maigidana kaɗai na ba wa labarin duka. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in daina wasa da raina, Allah bai ɗora mini wannan ba. Na san gaskiya ya faɗa. Sanin bai rage mini komai ba.

Abin da na yi ta ɓoyewa shi ne ya zama abin tambaya. Duk wayar da muka yi da Yayarsu, sai in jiyo muryarsa daga nesa, ƙasa-ƙasa, yana cewa ta tambayi Hajiya ko ta ci abinci. Da suka zo hutu da bazara, wata Juma'a ni da shi muka shiga jirgin ƙasa tare za mu masallaci, ita ta tsaya a gida ba ta jin daɗi. Ya bar kujera ɗaya a tsakaninmu. Bayan mun wuce Woolwich sai ya zaro ƙunshin biskit daga aljihu, wanda ya riga ya yage bakinsa don kada ya yi ƙara, ya ajiye a kan kujerar, ya tashi ya je bakin ƙofa ya tsaya yana karanta taswirar tashoshi.

Na karya da safe, ba na jin yunwa. Amma na san ba zai dawo ya zauna ba sai ya ga an taɓa. Na ɗauki ɗaya na tura ƙarƙashin hijabi, na ci, kunnuwana suna zafi har muka sauka.